Six Sigma, tsarin Toyota ko ISO 9001: wanne ya kamata mai ƙaramin kamfani ya fara zuba wa kuɗi?

Duk wanda kamfaninsa ya fara tasowa, ko injin shinkafa ne ko gidan burodi ko fiya wata ko shagon ɗinki mai teloli ashirin, akwai lokacin da za a fara kawo masa tallan hanyoyin gyara aiki. Wannan yace Alhaji ka tura manajanka kwas ɗin Six Sigma ya dawo da satifiket ɗin da suke kira baƙin bel, wancan yace ai Kaizen, wato gyara aiki kaɗan kaɗan kullum, shine sirrin Toyota, wani kuma yace kai dai ka nemi satifiket ɗin ISO 9001 ka buga a jikin buhu shikenan kasuwa ta buɗe. Dukkansu kuɗi ake biya, kuma da suna ɗaya ake tallansu wato inganci, amma ba ciwo ɗaya suke wa magani ba, shi yasa naga ya kamata a baje su a faifai kafin mutum ya zuba kuɗinsa a inda ba nan ke masa ciwo ba.

Amma kafin a zo kan wanne, sai an fara sanin me yasa ma ake shigo da alƙaluma cikin maganar gyaran aiki. Da yawa suna ɗauka don a kama ma'aikaci mai laifi ne. Asalin abin kusan akasin haka ne. A 1924 wani masani mai suna Walter Shewhart, yana aiki a kamfanin Western Electric da ke ƙera kayan tarho a Amurka, ya rubuta wa ogansa wata gajeriyar takarda da ɗan zane a ciki, kuma daga wannan zanen ne kusan duk hanyoyin nan suka samo tushe. Abin da ya lura dashi shine babu aikin da ke fitowa iri ɗaya sak, kullum akwai ɗan bambanci, amma bambancin kashi biyu ne. Akwai wanda ke cikin jinin aikin, inji ne ke kawo shi, da kayan da aka siyo, da yanayin zafi ko damina, da yadda aka tsara aikin tun farko, wannan ko mala'ika ka ɗora akan injin sai ya fito. Akwai kuma wanda wani abu ne na daban ya faru, bel ya saki, an canza mai kawo kaya, sabon yaro ya hau inji bai iya ba. Na farkon maigida ne kaɗai zai iya gyara shi don shi ke da ikon canza inji ko tsari, na biyun kuma a take a wurin ake binsa a gano. Idan ka gauraya su, ko dai ka hukunta wanda bai ji ba bai gani ba, ko kuma matsala ta gaske ta wuce ta gabanka kana cewa ai haka aikin ya gada. Ido kaɗai baya iya raba su, sai da awo, kuma wannan shine amfanin alƙaluman.

Je ka tsaya bakin injin cika buhu mai kilo 50 na rabin awa kaga abin da nake nufi. An cika buhu an ɗora a sikeli ya nuna 49.9, foman ya daka tsawa, yaron ya miƙa hannu ya ɗan ƙara. Na gaba ya fito 50.5, foman yace kai so kake ka karya Alhaji, yaron ya sake murɗawa ya rage, na uku ya faɗo 49.6. Haka za a wuni, hannun yaron baya barin wurin, zufa na zuba, kowa na ganin ana sa ido sosai akan aiki. Alhali da an bar injin yadda yake tun safe da buhunan sun fi haka daidaito, don wancan 49.9 ɗin ba alamar komai bane, cikin ɗan lilon da injin ya saba yi ne, kuma duk murɗawar da aka yi saboda buhu ɗaya ƙara warwatsa awon take. W. Edwards Deming, wanda ya ɗauki karatun Shewhart ya kai wa masu masana'antun Japan a 1950, ya sha nuna wannan a gaban manajoji da ɗan gwaji na mazurari da ƙwallo, kuma shi kiyasin da yayi shine kashi 94 cikin 100 na matsalolin aiki daga tsari suke ba daga ma'aikaci ba. Ko mutum bai yarda da adadin ba, duk wanda ya daɗe a masana'anta ya san inda maganar ta dosa.

Zanen Shewhart ɗin kuwa ba wani abin tsoro bane, littafin rubutu da biro da kalkuletar waya sun isa. Ka hana kowa taɓa injin, ka riƙa auna buhu ɗaya duk rabin awa har ka tara awo kamar 25. Ka fitar da matsakaicinsu. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin kowane awo da wanda ya biyo shi, ka fitar da matsakaicin tazarar ma, ka ninka shi da 2.66, abin da ya fito ka ƙara shi akan matsakaicin farko ka samu layin sama, ka cire shi ka samu layin ƙasa. A ce matsakaici 50.2 ne, tazara kuma 0.15, to layukanka za su zama wajen 49.8 da 50.6. Ka ja su a takarda ka manna a bango kusa da injin. Duk awon da ya faɗa tsakaninsu a ƙyale injin, wanda ya tsallake layi ko kuma kaga takwas a jere duk sun kwanta ɓangare ɗaya na matsakaici, to nan ne za a tsaya a bincika me ya canza. Wannan ban ma sa shi cikin jerin zaɓin ba don a ganina ba zaɓi bane, ƙasa ce da duk sauran ke tsaye akai, kuma kusan kyauta ne.

To amma lura da wani abu a misalin nan. Layin ƙasa 49.8 ne, kai kuma ka rubuta kilo 50 a buhu. Ma'ana injinka lafiyarsa ƙalau, babu mai laifi, amma a haka lokaci lokaci zai riƙa fitar da buhun da bai cika ba. Abin da yawancin mutane ke yi shine su ƙara awo gaba ɗaya don kada dila ya dawo da ƙorafi. A ce kana cika buhu 400 a rana kana ƙara giram 300 a kowanne, kilo 120 kenan kullum, a kwana 26 na aiki ya haura buhu 60 da ka bayar kyauta ba tare da kowa ya gode maka ba. Hanyar tsira ɗaya ce, a matse lilon nan ya ragu yadda zaka iya saita injin dab da 50 ba tare da tsoro ba. Nan ne Six Sigma ke shigowa.

Six Sigma a kamfanin Motorola aka haife shi a 1986, wani injiniya Bill Smith ne ya kawo shi lokacin da kayan lantarkin Japan ke neman kore su daga kasuwa, kuma a 1988 kamfanin ya ci kyautar inganci ta ƙasar Amurka ta Malcolm Baldrige. Amma wanda ya sa duniya ta san shi shine Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric a lokacin, da ya rungume shi a 1995 har ya haɗa shi da ƙarin girma da alawus ɗin manajoji. Burin da suka sa wa kansu shine kuskure 3.4 kacal cikin miliyan ɗaya. Don ka gane nisan abin, mai cewa kayansa kashi 99 cikin 100 lafiya suke, yana fitar da ɓatattu 10,000 ne a kowane miliyan. Sigma awo ne na faɗin lilon nan, kuma yawan matakin sigma na nufin ƙarancin kuskure, a ma'auninsu matakin sigma uku kuskure 66,807 ne a miliyan, sigma huɗu 6,210, sigma biyar 233. Ba sai ka kai shida ba, kuma gaskiya mai burodi ba ya buƙatar kaiwa, amma tashi daga uku zuwa huɗu kaɗai ya rage maka asara fiye da ninki goma.

Yadda ake yinsa mataki biyar ne a jere, a fayyace matsalar da abin da take ci na kuɗi, a auna halin da ake ciki yanzu, a tantance alƙaluman a gano musabbabi, a gyara, sannan a kafa abin da zai hana komawa gidan jiya. Ƙarfinsa na gaske yana matakin tsakiya, wurin da ake da matsala mai maimaituwa amma kowa da nasa hasashen. Ɗauki karyewar shinkafa a inji. Mai turarawa yace daga wajen shanya ne, mai shanya yace irin da aka siyo ne, opireta yace robar injin ce ta cinye, Alhaji yace sakaci ne kawai, kuma wataƙila kowa na da gaskiya kaɗan. An san cewa samfarera ta fi casuwa lafiya in danshinta na wajen kashi 14 cikin 100, in ta bushe da yawa ko ta bushe ta sake jiƙa sai ƙwayar ta tsage tun kafin ta shiga inji, amma a injinka kai, da irin da kake siya, da rumbun shanyarka, wanne ne ya fi cin kaso? Mai Six Sigma ba zai shiga musu ba, zai sa a riƙa rubuta danshi da iri da tsawon jiƙo da kwanakin roba da yawan karyayya na kowane zubi, har ma ya shirya gwaji da gangan yana canza abu biyu ko uku lokaci guda bisa tsari don a ga wanne ke tasiri kuma ko biyu na haɗuwa su ƙara ɓarna. Wannan aikin babu wata hanya cikin ukun da ta kai shi iyawa, wannan kam ba na tantama.

Matsalarsa nauyi. Aiki ɗaya kan ɗauki wata uku zuwa shida, yana son mutumin da lissafi ya zauna masa kuma aka rage masa wasu ayyukan, yana son kayan awo masu kyau da kwamfuta ko da Excel ne, sannan yana son aiki mai yawa da ke maimaita kansa don alƙaluma su taru. Wanda ke ƙera ƙofa goma a wata ba zai samu abin tantancewa ba. Sai kuma maganar bel ɗin nan, kore da baƙi irin na 'yan kareti, wanda ya zama kasuwa mai zaman kanta. Babu wata hukuma guda ɗaya a duniya da ke riƙe da satifiket ɗin Six Sigma, shi yasa zaka ga wani ya yi makonni ana koya masa ya kuma kammala aiki na gaske kafin a bashi, wani kuma ya zauna a intanet ƙarshen mako ɗaya ya fito da takarda mai suna iri ɗaya. Wannan abin yana ci min rai sosai, don matasanmu ne ke tara kuɗi da ƙyar su siya da fatan samun aiki, su fito basu taɓa tsayawa gaban inji da sikeli ba.

Kuma ba ko'ina ya dace ba. Kamfanin 3M ya ɗauko James McNerney daga General Electric ya zama shugabansa a farkon 2001, ya shimfiɗa Six Sigma ko'ina har cikin ɗakunan bincike, riba ta gyaru amma masu ƙirƙira suka riƙa kokawa cewa an ɗaure musu hannu, bayan ya tafi Boeing a 2005 wanda ya gaje shi George Buckley ya sassauta abin a ɓangaren bincike. Dalilin a fili yake, hanya ce ta kashe bambanci, shi kuwa sabon abu daga bambanci yake fitowa. Don haka in kai mai zanen sabbin ɗinkuna ne, kada ka kai shi teburin zane, ka kai shi wajen yanka da awo.

Tsarin Toyota, wanda wasu ke kira Lean wasu kuma su ce Kaizen duk da ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, tambayarsa daban ce. Shi ba ya fara da me yasa kaya ke bambanta, yana farawa ne da ina lokaci da kuɗi ke zurarewa tsakanin shigowar oda da fitar kaya. Tushensa ma daga masaƙa ne, Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa da ke tsayawa da kansa in zare ya tsinke don kada ya ci gaba da saƙa ɓataccen yadi, sai bayan yaƙin duniya na biyu Taiichi Ohno ya gina tsarin a masana'antar mota a lokacin da Toyota bata da kuɗin tara kaya kamar kamfanonin Amurka. Ohno ya lissafa ɓarna iri bakwai, yin fiye da abin da aka nema, jira, jigilar da bata da amfani, aikin da kwastoma bai nema ba, tara kaya, zirga zirgar ma'aikaci, da ɓataccen kaya da sai an sake. Alƙaluman da ake buƙata anan masu sauƙi ne, agogo da ƙirga da takun ƙafa.

Shagon ɗinki gab da Sallah shine wurin da ya fi nuna wannan. Kaftani ɗaya in ka haɗa mintocin da hannu ke kansa da gaske, yanka da haɗi da aiki da maɓalli da guga, bai wuce 'yan awanni ba, amma sai ya yi sati uku a shago. Ina sauran kwanakin suka tafi? Yana cikin leda ƙarƙashin tebur yana jiran a yanka, an yanka guda talatin lokaci ɗaya an jibge, an kai wajen mai aiki a wata unguwa ya kwana biyar, ya dawo babu zaren da ya dace, an ajiye shi an ɗauki na wani mai matsa lamba a waya, sannan ranar jajibiri a gano an haɗa hannun wani da jikin wani. Babu wani lissafin sigma da zai taimaka anan. Abin da zai taimaka shine a liƙa 'yar takarda a kowace leda a rubuta ranar da ta shiga kowane mataki da ranar da ta fita, bayan sati biyu a zauna da teloli a duba inda ledoji suka fi kwana, yawanci wuri ɗaya ne ko biyu, sai a hana yanka abin da ba a shirya ɗinkawa ba, a daina karɓar fiye da abin da wannan maƙurar zata iya fitarwa. Sakamako a kwanaki ake ganinsa ba watanni ba, kuma mutanen da ke aikin ne ke gano shi da kansu, da ɗan gari akan ci gari.

Wannan na ƙarshen shine zuciyar abin, kuma shine wurin da ya fi wuya a wajenmu. A Toyota ma'aikacin da ke kan layi yana da igiyar da zai ja ko maɓallin da zai danna in yaga matsala, shugaban rukuni ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya, kuma ba a ɗaukar hakan laifi. Suna da al'adar tambayar me yasa har sau biyar don a wuce kan mutum a kai ga tsari. Akwai misalin da nake so a riƙa tunawa, masana'antar General Motors da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda aka rufe a 1982 tana cikin mafi lalacewa a kamfanin wajen inganci da rashin zuwa aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da yawancin tsoffin ma'aikatan nan da ake zagi, cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk masana'antun General Motors. Mutanen basu canza ba, tsarin aka canza. To mu kuma da tarbiyyarmu yaro baya buɗe baki gaban maigida yace ranka ya daɗe tsarin nan naka ne ke kawo matsala, kunya da girmamawa abu ne mai kyau amma a nan yana ɓoye asara. In kai mai kamfani ba zaka iya sauka ka tsaya a wurin aiki ka tambaya ka kuma haɗiye amsar da bata maka daɗi ba, kada ka ɓata kuɗinka akan Kaizen, abin da zai rage maka shine fenti a ƙasa da alluna a bango. Haka in ma'aikata suka ga duk lokacin da aka rage ɓarna sai an sallami wani, daga ranar babu mai sake kawo shawara, kuma suna da gaskiya.

Wani wurin da za a yi hattara shine maganar kada a tara kaya. Toyota ta gina wannan ne a inda masu kawo mata kaya ke kusa, hanya lafiya, wuta bata ɗaukewa. Kai kuwa samfarera da kaka take araha, in baka cika sito ba a lokacin zaka siya da tsada ko ka rasa, wanda ke jiran kaya daga tashar Apapa ya san kwanakin ba a hannunsa suke ba, dizal ma sai ka ajiye. Ita kanta Toyota bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta koma tana sa masu kawo mata wasu muhimman kayan lantarki su riƙa ajiye na watanni. Don haka ɗauki rage jibgin kayan da ke tsakanin mataki da mataki a cikin gida, wannan kusan kullum riba ne, amma sitonka na ɗanyen kaya lissafin kasuwarka ne zai yanke shi ba littafin Japan ba. Kuma ba abin da ya gagari Afirka bane, Habasha ta fara shirin Kaizen da taimakon hukumar JICA ta Japan a 2009, har ta kafa cibiya ta musamman dominsa a 2011.

ISO 9001 kuwa ba zan daɗe akansa ba don shi ba hanyar gano matsala bane. Ma'auni ne na duniya da aka fara fitarwa a 1987, aka sabunta shi sau da yawa ciki har da 2015, abin da yake nema shine ka tsara yadda kake aiki, ka bi abin da ka tsara, ka ajiye shaida, ka riƙa duba kanka kana gyara. Masu odit daga waje su zo su duba su baka satifiket na shekara uku, suna dawowa duk shekara. A Najeriya hukumar SON na bayarwa, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Amfaninsa na gaske ne in babban kwastoma ko kwangila ko fitar da kaya waje ya sa maka shi sharaɗi, kuma yana tilasta maka ajiye rekod wanda daga baya sauran hanyoyin za su ci moriyarsa. Amma baya cewa kayanka sun fi na wani, baya maye gurbin rajistar NAFDAC ga mai abinci ko ruwa, kuma in kwansaltan ne ya rubuta maka fayilolin ya tafi, ana iya samun satifiket a bango buhu kuma na ci gaba da fitowa 49.6.

To wanne zaka ɗauka? Ni abin da nake cewa shine ka saurari irin ƙorafin da ke zuwa maka, ka ma rubuta su na wata ɗaya kana yin 'yar alama a gaban kowane iri, don masanin inganci Joseph Juran ya daɗe da nuna cewa 'yan dalilai kaɗan ne ke haifar da mafi yawan asara, kuma sau da yawa wanda ya fi hayaniya ba shine ya fi cin kuɗi ba. In ƙorafin shine yau kayanku da kyau gobe ba kyau, burodin jiya ya fi na yau nauyi, ledar ruwa wani zubin na yoyo wani baya yi, to matsalar daidaito ce, ka fara da zanen Shewhart na wata biyu ko uku, in ya nuna aikin a zaune yake amma lilon ya yi faɗi kuma babu wanda ya san dalili kuma asarar ta kai ta biya albashin mai lissafi, sannan ka nemi Six Sigma akan wannan matsalar guda ɗaya. In ƙorafin shine kun cika jinkiri, kuɗi sun maƙale a kayan da ba a gama ba, ana ta kai da komo ana neman almakashi da sifana, to tsarin Toyota ne naka, kuma shine mafi arha cikin ukun a kuɗi amma mafi tsada a halin maigida. In kuwa babu mai ƙorafi sai dai wata ƙofar kasuwa ce aka ce sai da takarda, to ISO ne, ka yi shi da mutanenka ba a yi maka ba. Ga mafi yawan ƙananan kamfanonin da basu kai ma'aikata hamsin ba, ni Toyota tare da zanen nan na bango zan zaɓa in bar Six Sigma sai gaba, don galibi ɓarnar da ke kwance a fili ta isa ta cinye shekara guda ana kwasa kafin a kai ga wadda sai da zurfin lissafi. Manyan kamfanoni da yawa ma yanzu haɗa biyun suke suna kiransa Lean Six Sigma, amma mai manaja ɗaya da akanta ɗaya in ya ce zai ɗauki duka lokaci guda babu wanda zai kai ƙarshe.

Ko wanne ka ɗauka akwai abin da ke kashe shi tun a zanin goyo, wato a mayar da alƙaluma bulala. Ranar da ka fara yanke albashi saboda abin da aka rubuta a littafin awo, daga ranar littafin zai fara yin kyau, kowane layi 50.0, 50.0, 50.1, an cike shi da biro ɗaya da yamma kafin a tashi. Ba halin mutanenmu kaɗai bane, bankin Wells Fargo a Amurka ya matsa wa ma'aikata da adadin asusun da dole su buɗe, suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, a 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185. In kaga littafin awo babu lilo ko kaɗan to ba inganci kake gani ba, tsoro kake gani, kuma alƙaluman ƙarya sun fi rashin alƙaluma haɗari don zasu sa ka yanke hukunci da ƙarfin gwiwa akan abin da babu shi.

Sai kuma shi kansa sikelin, wanda mutane ke mantawa. Kafin ka yarda da awo ko ɗaya, samo dutsen awo da ka tabbatar da nauyinsa ka riƙa gwada sikelin dashi kowace safiya, sannan ka ɗauki buhu ɗaya ka sa mutum uku su auna shi kowa sau uku ba tare da sun ga na juna ba, in amsoshin suka bambanta da yawa to gyaranka na farko sikeli ne ko yadda ake ɗora buhun, ba injin cikawa ba. Haka mitar auna danshi, haka agogon zafin tanda. In kuma kwansaltan ne ya zo, kada ka tsaya kan kalar bel ɗinsa, ka ce ya nuna maka aiki ɗaya da ya taɓa yi, me aka auna kafin ya fara, me aka auna bayan wata shida da tafiyarsa, kuma ya yarda ya fara wuni guda a tsaye a bakin injinka kafin ya faɗi farashi. Ka sa a yarjejeniya cewa mutum biyu daga cikin ma'aikatanka za su iya ja da karanta zanen da kansu kafin a biya shi kason ƙarshe.